Taswirar Tunani a Hannun Sabon Shiga: Yadda Wani Malamin Hausa Ya Fara Aiki da Manhajar Zana Ta a Kwamfuta

Malamin da wannan nazari ya shafa ya haura shekara ashirin yana koyar da Hausa a wata makarantar sakandaren gwamnati da ke bayan gari, ni kuma ni ne malamin kwamfuta a wannan makaranta, saboda haka abin da zan bayyana a nan na gan shi da idona a tsawon zangon karatu guda. Ba zan ambaci sunansa ba, zan dai kira shi Malam kamar yadda kowa ke kiransa, tun daga shugaban makaranta har mai gadi. Kafin wannan zango, iyakar hulɗarsa da na'ura ita ce kiran waya da karanta saƙon WhatsApp, sai kuwa ranar da ya kawo mini tambayoyin jarrabawa a rubuce da hannu domin in buga masa.

Damuwarsa ta taso ne daga ɗaliban aji uku na babbar sakandare da ke shirin zana jarrabawar WAEC da NECO. Ya lura cewa yaran suna haddace ma'anar tatsuniya da almara da hikaya da ƙissa kamar karatun allo, amma idan aka tambaye su inda kowacce ta zauna a cikin adabin Hausa, ko abin da ya haɗa habaici da zambo da abin da ya raba su, sai aji ya yi tsit. Bayanin da ya shekara yana yi musu shifta ya cika littafin rubutu, shafi na bin shafi, kuma babu inda ɗalibi zai tsaya ya hangi darasin gaba ɗaya. Wata rana ya ga 'yar ƙanensa da ke jami'a tana bita da wani zane mai rassa a wayarta, washegari ya same ni a ɗakin kwamfuta ya ce, “Injiniya, abin nan mai rassa da yara ke yi a waya, zai iya ɗaukar adabi kuwa?” Ni ba injiniya ba ne, amma haka yake kirana, na kuma ce masa, “Allah gafarta Malam, zai ɗauka, sai dai ban sani ba ko adabin zai yarda.” A lokacin wasa nake yi, daga baya ne na gane cewa maganar ta faɗa daidai.

Abin da ake kira taswirar tunani zane ne da ake sa babban batu a tsakiya, manyan rassa su fito daga jikinsa, kowane reshe ya haifi ƙananan rassa, a kuma rubuta kalma ɗaya ko biyu a kan kowanne. Wani marubuci ɗan Ingila mai suna Tony Buzan, wanda ya rasu a 2019, shi ne ya yayata sunan da tsarin ta wani shirin talabijin na BBC a 1974 da littattafan da suka biyo baya. Ƙa'idojinsa sanannu ne: a kwantar da takarda a kaikaice, a fara daga tsakiya, a yi amfani da launuka da hotuna, a lanƙwasa rassa, kada a ɗora wa layi fiye da kalma guda. Ya kuma jingina tsarin ga ra'ayin nan na cewa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke lissafi da jera magana, na dama kuma shi ke launi da ƙirƙira, ra'ayin da masu binciken ƙwaƙwalwa na yau ke ganin an zuzuta shi fiye da kima. Ban ɓoye wa Malam wannan ba, domin a ganina wanda aka jawo da alkawarin cewa zane zai buɗe masa rabin ƙwaƙwalwar da ke barci ba ya daɗewa bai watsar da abin ba. Shi kuwa da ya ƙare wa misalin da na nuna masa kallo sai ya yi murmushi ya ce ai wannan bishiyar salsala ce, irin wadda ake zana wa gidajen sarauta da zuriyar malamai. Gaskiyarsa, jera ilmi a siffar bishiya ya girmi Buzan da ƙarnoni, tun da ana danganta irinsa ga masanin falsafa Porphyry wanda ya rayu a ƙarni na 3.

Zaɓen manhaja

Sabon shiga yakan fara da tambayar wace manhaja ce ta fi kyau, alhali tambayar da ta kamata ita ce wace ce za ta yi aiki a inda yake zaune. A makarantarmu wutar lantarki ba ta da lokaci, janareta kuma ba a tayar da shi sai ranar darasin gwaji, babu intanet sai wanda malami ya sayi data da kuɗin aljihunsa, wayar Malam kuwa ƙarama ce mai ƙarancin wurin ajiya. Waɗannan abubuwa su suka yi mana zaɓi tun kafin mu dubi ado ko launi.

Manhajojin sun kasu gida biyu. Akwai masu aiki a cikin intanet irin su MindMeister da Coggle, waɗanda ba a sauke komai, mutane da yawa kuma na iya aiki a kan taswira ɗaya a lokaci guda. A sa'ilin da muka duba, MindMeister na ba da taswira uku kyauta, Coggle kuma na ba da uku na sirri, sauran sai a bar su a fili ko a biya. Akwai kuma waɗanda ake saukewa a na'ura su yi aiki ko babu intanet, irin su XMind da SimpleMind da ke da na waya da na kwamfuta, da FreeMind da Freeplane waɗanda kyauta ne gaba ɗaya, a kwamfuta kuma suke aiki. Freeplane daga jikin FreeMind ta fito, dukkansu kuma suna ajiye aiki a fayil mai ƙarewa da .mm. Mun tsaya a kan Freeplane saboda ba ta neman rajista ko adireshin imel, ba ta ƙidaya wa mutum taswirorinsa, kuma fayil ɗin na zaune a hannunsa, yana iya kwafe shi a filashi ya sa a aljihu. Fuskarta cike take da maɓallai, ba ta kai sauran kyan gani ba, amma wannan bai dame mu ba tun da na yi niyyar nuna masa kaɗan ne daga ciki. Na sa ta a wata tsohuwar laftof tawa wadda batirinta ke riƙe caji na kusan awa biyu, awa biyun nan kuwa su suka zama tsawon kowane zama.

A zaman farko abu uku kawai na koya masa. Idan ya danna Enter zai samu sabon reshe ɗan'uwan wanda yake kai, idan ya danna Tab ko Insert zai samu ɗan reshen, idan kuma ya kama reshe da linzamin kwamfuta ya ja shi ya sake a kan wani, reshen zai koma can tare da duk 'ya'yansa. Da na yi amfani da kalmomin “ɗan'uwa” da “ɗa” sai abin ya zauna masa nan take, har ya riƙa cewa wannan jikan wancan ne. Na ƙara masa da Ctrl da Z domin warware kuskure, da Ctrl da S domin ajiya, saboda na ga hannunsa na rawa a kan linzami don tsoron kada ya ɓata wani abu. Kafin batir ya mutu ya iya duk wannan. Koyon maɓallai, wanda shi ne abin da ya fi jin tsoro, bai ci fiye da zama ɗaya ba.

Taswirar farko

Wahalar ta fara ne a zama na biyu, lokacin da na bar shi shi kaɗai na tafi aji. Da na dawo na tarar ya buɗe littafin bayaninsa yana kwashe shi jimla bayan jimla zuwa cikin rassa. A reshen tatsuniya ya rubuta cikakkiyar ma'anarta mai layi huɗu, a ƙarƙashinta ya jera amfaninta, kowane amfani jimla ce mai zaman kanta, haka ya yi wa almara da hikaya da barkwanci. Taswirar ta miƙe ta fice daga fuskar kwamfuta hagu da dama, ba a iya ganin cibiyarta sai an ƙanƙantar da rubutun har ya koma kamar ƙwayar gero. Malam ya jingina da kujera ya ce, “To Injiniya, ni ban ga bambancin wannan da littafina ba, sai dai littafina ya fi daɗin karatu.” Bai yi ƙarya ba, domin abin da ya yi shi ne sauya wa tsohon rubutu mazauni, kuma wannan shi ne kuskuren da na fi gani a wurin masu farawa, malamai ne ko ɗalibai.

Na roƙe shi da mu rufe kwamfutar da littafin duka, na ba shi farar takarda da fensir, na ce ya rubuta “Adabin Hausa” a tsakiya, ya fitar da rassan daga kansa ba tare da duba komai ba, kuma kada reshe ya wuce kalma uku. Ya yi gardama da farko cewa ma'ana ba ta shiga kalma uku, na ce ai ba ma'anar ake nema ba, sunan wurin da ma'anar za ta zauna ake nema. Cikin ɗan lokaci ya raba adabin gida biyu, na baka da rubutacce, kowanne ya haifi zube da waƙa da wasan kwaikwayo. A ƙarƙashin zuben baka ya sa labarai a gefe guda, wato tatsuniya da almara da hikaya da ƙissa da tarihi da tarihihi, maganganun azanci a ɗaya gefen, wato karin magana da kacici-kacici da kirari da habaici da zambo da baƙar magana. Sai bayan takardar ta cika muka koma ga kwamfuta, shigar da ita kuwa bai kai minti ashirin ba. Dogayen ma'anonin nan da ya ƙi rabuwa da su na nuna masa inda ake ajiye su, domin kowane reshe na da wurin bayani na ɓoye wanda ba ya fitowa a jikin taswira sai an nema. Ya ce wannan kamar sharhin da malaman zaure ke yi ne a gefen shafi, matani a tsakiya, ƙarin bayani a baki.

Akwai wata matsala da ba za a same ta a jagororin da aka rubuta domin masu Turanci ba. Malam ya zaɓi wani salon haruffa mai lanƙwasa saboda ya yi masa kyau, da muka fitar da taswirar a matsayin PDF sai duk inda aka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ ya fito da ɗan akwati fanko, “waƙa” da “makaɗa” da “daɓe” duk suka zama masu giɓi. Laifin ba na manhajar ba ne, salon haruffan ne ba a zana masa haruffa masu ƙugiya ba. Da muka koma ga salon da ke ɗauke da su, irin Noto Sans ko DejaVu Sans ko Andika, sai komai ya fito daidai. Na ba shi shawarar da nake ba kowa, cewa kafin ya gina taswira ya fara rubuta kalma ɗaya mai ƙugiya ya fitar da ita ya gani. Wanda ke rubutu da ƙa'idar Nijar sai ya gwada har da ƴ, tun da mu a Nijeriya 'y muke rubutawa. Batun ya fi ƙarfin ado a wurin malamin Hausa, domin ba zai yiwu ya rage wa ɗalibi maki saboda ya rubuta “kasa” a madadin “ƙasa” ba alhali takardar da ya raba musu ba ta da ƙugiya.

Ya kuma ɓata zama guda cur wajen sauya launuka da liƙa ƙananan alamomi kan mai uwa da wabi, har taswirar ta koma kamar zanen atamfa. Mun share su muka bar launi uku, ɗaya ga zube, ɗaya ga waƙa, ɗaya ga wasan kwaikwayo.

Inda adabin ya ƙi yarda

Abin da ya fi komai ɗaukar hankalina ya faru ne a mako na uku. Malam ya zo kan kirari ya tsaya. Ya sa shi a ƙarƙashin maganganun azanci, amma kirari na fitowa a bakin maroƙa da 'yan ma'abba a tsakiyar waƙar fada, ɗan dambe da ɗan tauri da mafarauci kuma kowa na yin nasa a fili ana kiɗa. Ya ja shi ya kai reshen waƙa, ya dube shi, ya mayar da shi inda yake. Zambo da habaici su ma haka, maganganun azanci ne, amma babban filinsu shi ne waƙoƙin makaɗan fada inda ake yabon sarki a kuma soki abokan hamayyarsa. Tashe, wanda yara da matasa ke farawa daga goma ga watan azumi, wasan kwaikwayo ne mai shiga da kwaikwayon halaye, amma da wuya a samu wanda babu waƙa a cikinsa. Tatsuniya ma zube ce, sai dai sau da yawa waƙa ce ke riƙe da tsakiyarta. Taswirar tunani kuwa bishiya ce, kowane reshe uba ɗaya gare shi, ba ta san ɗa mai uba biyu ba.

Da ya shiga rabe-raben makaɗa sai abin ya ƙara dagulewa. Ya jera makaɗan fada da na jama'a da na sana'a da na maza, sa'an nan ya so ya sa kayan kiɗan kowane rukuni a ƙarƙashinsa. Kotso da taushi da tambari sun zauna a fada ba gardama, gangar noma ta tafi wurin manoma, amma kalangu ya ƙi zama wuri ɗaya, domin na mahauta ne, shi ake kaɗa wa 'yan dambe, shi ne kuma a gidan biki. Malam ya rubuta shi a wuri uku, sa'an nan ya ce wannan ba tsari ba ne, maimaici ne. Na nuna masa cewa manhajar na da layin alaƙa, ana zaɓar rassa biyu a danna Ctrl da L sai kibiya ta haɗa su ko da suna nesa da juna. Ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya shiga ja wa kowane abu kibiya, kafin a jima taswirar ta zama saƙar gizo-gizo. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, shi da kansa ya ga an wuce gona da iri.

Na gaya masa cewa akwai wani nau'in zane dabam da Joseph Novak ya ɓullo da shi a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1972, wanda ake kira taswirar ma'anoni, inda abu ɗaya ke iya haɗuwa da abubuwa da yawa, ana kuma rubuta kalmar alaƙar a kan kowane layi. Wannan ya fi dacewa da ilmin da ya sarƙe da juna, amma ya fi wuyar karantawa ga ɗalibin da ke neman hanyar shiga. Malam ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya faɗi maganar da nake ganin ita ce ribar zangon baki ɗaya. Ya ce matsalar ba daga na'urar take ba, daga bayaninsa take, domin shekara da shekaru yana rarraba adabi da ma'auni uku a lokaci ɗaya bai lura ba: wani wuri yana raba abubuwa bisa siffarsu, wani wuri bisa masu yin su, wani wuri kuma bisa lokacin da ake yin su. A cikin littafi wannan ba ya fitowa, saboda shafi na rufe shafi, mai karatu ya manta da ma'aunin da aka fara da shi. A taswira kuwa rassan na tsaye kafaɗa da kafaɗa, duk wanda bai yi daidai da 'yan'uwansa ba sai ya fito fili.

Hukuncin da ya yanke shi ne babbar taswira ta tsaya a kan siffa kaɗai, kirari da zambo da habaici su zauna a maganganun azanci, a ja musu kibiya ɗaya tak zuwa waƙoƙin makaɗa. Kayan kiɗa kuma ya cire su gaba ɗaya ya yi musu taswirarsu, wadda ya raba bisa yadda ake sarrafa su, na kaɗawa da na busawa da na gogawa da na girgizawa, a nan kuwa kalangu ya samu gida ɗaya, aka rubuta masu amfani da shi a ƙarƙashinsa. Ina ganin da ya yi wannan aiki a takarda kawai da wuya ya kai nan, domin kowane sauyi na nufin sake zane daga farko, mutum kuma yakan haƙura da tsarin da bai gamsu da shi ba don gudun wahala. Jan reshe daga wuri zuwa wuri a daƙiƙa ɗaya shi ne babban abin da manhajar ta fi takarda da shi, sauran duk ƙari ne.

Daga kwamfuta zuwa aji

Bugawa ta zo da nata darasin. Taswirar da ke da kyau a fuskar kwamfuta, inda ake naɗe reshe da maɓallin tazara a buɗe wanda ake so, idan aka matse ta a takardar A4 sai rubutun ya ƙanƙance, fotokwafi kuma ya cinye launukan ya bar toka-toka. Dole muka raba ta huɗu: ɗaya ta gaba ɗaya mai hawa uku kawai, sai zube, sai waƙa, sai wasan kwaikwayo, kowacce a shafinta, muka kuma bambanta rassa da kaurin layi maimakon launi. Ga ɗaliban da ke da waya a gida an fitar da hoto an tura ta WhatsApp.

Ranar da ya raba takardun yaran sun yi murna, amma bayan mako guda da ya yi musu tambayoyi sai ya ga ba abin da ya sauya. Sun kwafe taswirar a littattafansu da kyau, wasu har da jan biro da shuɗi, kamar dai yadda suke kwafe shifta. Ya dawo ɗakin kwamfuta ransa a ɓace. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, kai ne ka ƙaru da taswirar nan saboda kai ka yi kokawa da kirari da kalangu, su kuwa an miƙa musu ne a dafe.” Na kuma ba shi labarin bincike biyu da suka shafi wannan. A 2002 Farrand da Hussain da Hennessy sun gwada ɗaliban likitanci 50 a Landan da wani rubutu mai kalma 600, bayan mako guda waɗanda suka yi taswirar tunani sun fi tuna abin da suka karanta da kimanin kashi 10 cikin 100, sai dai sha'awarsu ga hanyar ba ta kai ta waɗanda aka bari da tasu dabarar ba. A 2011 kuma Karpicke da Blunt na Jami'ar Purdue sun wallafa a mujallar Science cewa ɗaliban da suka rufe littafi suka rubuta abin da suka tuna sun fi waɗanda suka zana taswirar ma'anoni littafi a buɗe, da aka jarraba su bayan mako guda. Abin da na fahimta daga biyun shi ne amfanin zanen matsakaici ne, kuma yana ƙaruwa idan daga ka aka fitar da shi.

Malam ya sauya dabara. Ya koma kwamfuta ya share kalmomin da ke hawa na uku ya bar rassan fanko, ya buga wannan ya raba, ya ce kowa ya rufe littafi ya cike. A mako na gaba ko rassan bai ba su ba, kalma ɗaya ya rubuta a tsakiyar allo da alli, ya riƙa kiran ɗalibai ɗaya bayan ɗaya su ƙara reshe su kuma faɗi dalilin da ya sa suka ɗora shi a nan. Na zauna a bayan aji ranar da aka yi waƙoƙin baka. Wata ɗaliba ta fito ta rubuta gaɗa a ƙarƙashin waƙoƙin mata, kusa da na daka da niƙa da daɓe da raino. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce a'a, gaɗa ta 'yan mata ce a dandali, wurinta na cikin waƙoƙin yara. Ita kuma ta ƙi sakin allin, ta ce a garinsu matan aure ma na yin ta a cikin gida ranar biki, kakarta kuma ta fi kowa iyawa. Aji ya kaure da musu, Malam ya bar su har suka gaji, sa'an nan ya tambaye su da wane ma'auni aka raba reshen, da shekarun masu yi ne ko da wurin da ake yi. Shirun da ya biyo baya ba irin na farkon zango ba ne, domin ana ganin leɓuna na motsi. Ya dubi yarinyar ya ce, “'Yata, bar ta inda kika sa ta, ki ja mata layi zuwa wancan.”

Ba ni da alƙaluman da zan ce sakamakon jarrabawa ya tashi saboda wannan, kuma ko da ya tashi ba zan iya rantsuwa cewa taswira ce sanadi ba, tun da a zangon Malam ya ƙara yawan tambayoyin da yake yi a aji. Abin da na gani shi ne a gwajin ƙarshen zango wasu ɗalibai sun fara zana 'yar bishiya a bayan takardar amsa kafin su soma rubutu, amsoshinsu kuma sun fi na da jeruwa. Na kuma ga inda hanyar ba ta yi aiki ba. Da Malam ya gwada ta a kan tarihin rubutun boko da ajami, wanda abu ne mai bin shekaru, sai rassan suka wargaza jerin, ya koma ga layi miƙaƙƙe. Nazarin jigo da salon rubutacciyar waƙa shi ma ya ƙi, domin hujja ce ake ginawa jimla bisa jimla, kalma ɗaya a kan reshe ba ta ɗaukar “amma” da “saboda”. A nahawu kuwa, musamman azuzuwan kalmomi da rabe-raben suna da wakilin suna, ta zauna daram.

Sau ɗaya ya yi asarar aikin yini, ranar da ya ajiye fayil a filashi kaɗai, filashin kuma ya tafi wanki a aljihun riga. Tun daga nan yake ajiye kwafi biyu, yana kuma sa kwanan wata a sunan kowane fayil. Zuwa ƙarshen zango yana da taswira tara, har yanzu kuma a takarda yake fara kowacce kafin ya buɗe laftof. Maɓallan da yake amfani da su ba su wuce waɗanda na nuna masa a makon farko ba, sai layin alaƙa. A makon rufe makaranta ya zo ya ce zai fara ta rubutacciyar waƙa, ya riga ya fitar da reshen ƙwar biyu zuwa ƙwar biyar da na amsa-amo da na kari, amma yana so in nuna masa yadda ake rubuta ajami a cikin reshe, domin akwai baitocin da yake son yaran su gani da haruffan da aka fara rubuta su.